Hoton teku da asuba da magariba: amsa ga mai shirin tafiya Lome

Tambayar daga wani ƙanena ce da ke ɗaukar hoton biki da suna a nan Damagaram. Kawunsa zai tafi da shi Lome ɗauko kaya, za su yi kwanaki suna jiran takardu, ƙila har su leƙa Akra. Bai taɓa ganin teku ba, kuma yana so ya dawo da hotuna irin na kalanda: hasumiyar fitilar jiragen ruwa, gadar da ta kutsa cikin ruwa, kwale-kwale, rana tana fitowa ko tana faɗuwa. Kyamararsa ƙarama ce mai gilashi biyu, 18-55 da 55-200, lambobin tsawon gilashi ke nan, duk yadda lambar ta ƙaru yana ƙara jawo nesa kusa. Ya ce me zai saya, yaya kuma zai saita ta?

Ƙanena, ajiye maganar saye tukuna, kyamarar da ke hannunka ta isa. Abu biyu ne ke kayar da mutumin tudu a bakin teku: bai san ta inda rana za ta ɓullo ba, bai kuma san hasken ba ya jira ba.

Mu fara da na farko. Hotunan kalandar nan yawancinsu an ɗauke su ne a gaɓar da ke kallon yamma ko gabas, shi ya sa rana ke faɗawa ruwa a tsakiyar hoto. Gaɓar da za ka je kuwa, tun daga Legas, Kwatano, Lome, har Akra, kudu take kallo. In ka tsaya ka fuskanci ruwa, gabas na hagunka, yamma na damanka. Rana ba za ta fito gabanka ba, ta gefe take zuwa tana bin tsawon gaɓa. Kuma ba wuri ɗaya take fitowa duk shekara ba. Ƙarshen Disamba tana karkata kudu da kimanin digiri 23, ƙarshen Yuni ta karkata arewa da kamar haka. A Lome gaɓar kanta ta ɗan jirkice, tana hawa arewa in ka nufi gabas wajen Aneho. Saboda haka daga tsakiyar Agusta har ƙarshen Afrilu rana daga cikin ruwa take fitowa. Da yamma bayan gari take faɗuwa, bayan benaye da itatuwan kwakwa, sai wajen Disamba take matsowa bakin gaɓa. Lome garin sammako ne, Akra ma kusan haka. Wanda ya nace sai ya ga rana ta nutse cikin teku, Dakar ce tasa: gari ne a kan ƙasar da ta miƙe yamma cikin teku, ga hasumiyar Mamelles da aka gina a 1864 bisa tudu, fitilarta sama da mita 100 daga ruwa. Amma wannan wata tafiya ce daban.

Don haka ranar da ka sauka kada ka yi gaggawar ɗauka. Ka je bakin ruwa da rana tsaka, lokacin da hoto ba ya kyau, ka buɗe kamfas ɗin wayarka, ka duba inda rana za ta fito gobe, ka zaɓi wurin tsayawa, ka gane hanyar shiga da ta fita. Akwai manhajoji irin su PhotoPills da Sun Surveyor da ke zana layin rana bisa taswira, ga mai so. Ni na fi yarda da zuwa da ƙafa, don taswira ba ta nuna maka rumfar da aka kafa jiya ko juji.

Na biyu, lokaci. Za ka ji masu koyarwa a YouTube suna maganar awa guda ta haske mai ruwan zinariya. A ƙasashensu haka ne, don rana a karkace take sauka. Lome tana wajen digiri 6 arewa da tsakiyar duniya, rana tsaye take faɗuwa, digiri ɗaya cikin minti huɗu. Ƙwallon ranar kanta rabin digiri ne, wato daga taɓa ruwa zuwa ɓacewa minti biyu ne da ɗoriya. Haske mai laushi kafin faɗuwa bai fi minti 25 ba, shafaƙin da ke biyo baya mai amfani ga kyamara minti ashirin da ƴan kai. Kafin mai shayi ya sauke na farko an gama. Wanda ya iso yana neman wurin kafa ƙafar kyamara a lokacin, ya zo kallo ne.

Ka tuna agogon Togo da Gana yana bayan namu da awa ɗaya. A Lome rana tana fitowa tsakanin 5:35 da 6:15 gwargwadon wata, ta faɗi tsakanin 5:30 da 6:15. Sa'annan in a Zango za ku sauka, inda yawancin mutanenmu ke sauka, can arewacin gari yake, da tazara zuwa ruwa. Ka shirya da ɗan kabu-kabun da mai masaukinku ya sani tun daren. Ka yi asuba a farkon lokacinta, sama da awa guda ke nan kafin hudowar rana, ka kama hanya. Launin da ya fi kowane kyau yakan zo minti 15 zuwa 20 kafin rana ta leƙo, sa'ad da ƙasan gajimare ya yi ja, ruwa bai fara ƙyalli ba. Magariba ta fi wuyar sha'ani, don mafi kyawun haskenta daidai lokacin salla yake zuwa. Abin da nake yi, in je da alwala, in kafa kyamara in gama saiti tun rana na sama, tana faɗuwa in yi salla nan kusa abokin tafiya na tsaye kan kaya, in sallame in tarar da sama ta yi shuɗi an kunna fitilu. Kada ka je kai kaɗai, da asuba ko da almuru. Bakin ruwan manyan garuruwa ba ya rasa ƴan fizge.

Watan da za ku tafi ma yana da magana. Hazon da muke sha a nan yana kaiwa gaɓa daga Disamba zuwa Fabrairu. In ya sauka, rana ba ta isa ruwa: tana sama da tazara za ta koma farin faifai, ta dushe, ta ɓace, ba ja ba rawaya. Ba asara ba ce, don a irin ranar ne kake iya ɗaukar ƙwallon rana sumul ba ta ƙona hoto, jirage kuma su jeru cikin toka-toka, na kusa baƙi, na nesa fari-fari. Amma in launi kake nema, gajimare ne ke kawo shi, musamman na sama siriri bayan an yi ruwa an ɗauke. Babbar daminarsu Afrilu zuwa Yuli ce, ƙaramar Satumba zuwa Oktoba. In da ni zan zaɓa, Nuwamba: ruwa ya yi sauƙi, hazo bai iso ba, rana ta karkata cikin teku.

To me za ka ɗauka a Lome? Akwai ragowar tsofaffin gadojin sauke kaya a bakin ruwan tsakiyar gari. Jamusawa suka gina ta farko a 1904, Faransawa suka yi tasu a 1928. A wancan zamani jirgi ba ya iya matsowa saboda ƙarfin igiya, sai ya tsaya nesa a yi ta jigila da ƙananan jirage zuwa gadar. Da aka buɗe tashar zamani a 1968 aikinsu ya ƙare. Yanzu ƙafafuwan ƙarfe ne da tsatsa ta cinye, a jere suna shiga ruwa, kuma wannan jerin shi ne hotonka. Ka tsaya yamma da su da asuba, ka durƙusa har kyamara ta kusa gwiwa, layin ƙarafan ya taso daga kusurwar hoto ya ja ido zuwa inda sama ta yi ja. Can nesa jiragen da ke jiran layi suna nan birjik da fitilunsu. Da hantsi kuma masunta na jan taru daga gaɓa, mutane da yawa a igiya ɗaya suna waƙa. Wannan ka saba da irinsa, aikin biki ne, ka ɗaga saurin ɗauka ka jira lokacin da duk suka jingina baya tare.

Ita tashar jiragen ruwan kanta, inda kawunka zai riƙa shiga da fita, ka cire ta daga lissafi. Tun 2004 tashoshin da ke karɓar jiragen ƙasa da ƙasa suna ƙarƙashin dokar tsaro ta duniya da ake kira ISPS, ɗaukar hoto a ciki sai da izini a rubuce. Ko waya ka ɗaga ana iya karɓewa, kuma abin ba kanka kaɗai zai tsaya ba, yana iya taɓa kayan da kuka je ɗauka. Haka sansanin sojan ruwa, gidajen gwamnati da ke kan titin bakin teku, da kan iyakar Gana ta Aflawo wadda ke manne da gari. Jirgi maras matuƙi kuwa kada ma ka sa shi a jaka. Injunan ɗaga kwantena suna gabas da gari, daga rairayin da kowa ke yawo kana hango su. Da gilashin 200 za ka same su baƙi ƙirin a gaban jan sama, kuma sun fi kyau a haka bisa ga kusa. Duk da haka in mai kaki ya ce ka sauke, ka sauke, ka gaishe shi, ka nuna masa abin da ka ɗauka.

Hasumiya sai kun shiga Gana. Akwai ta Cape St. Paul a Woe kusa da Keta, in kun ratse daga babbar hanya. Wadda aka fi sani ita ce ta Jamestown a Akra, mai zanen ja da fari, tsayinta mita 28. An gina ta a shekarun 1930 a madadin wata ta 1871, tana tsaye bisa tudu, tashar masunta na ƙarƙashinta. A nan ne kusan kowa ke yin kuskure iri ɗaya: ya je gindinta, ya sa gilashi a 18, ya ɗaga kai. Hasumiyar sai ta tsuke sama kamar za ta kife baya, rana kuma ta zama ɗigo. Ka ja da baya. Girman rana a hoto tsawon gilashi ne ke yanke shi, girman hasumiya kuwa nisanka da ita. A 18 rana ba ta kai kashi ɗaya cikin 80 na tsayin hoto ba. A 200 takan kai kusan kashi ɗaya cikin takwas. In kana kilomita ɗaya daga hasumiya, faɗin rana daidai yake da wajen mita tara a jikinta, sulusin tsayinta ke nan, ita kuma ta cika fiye da sulusin hoto. Wannan shi ne sirrin hotunan da kake ganin rana ƙatuwa a bayan gini, ba haɗi ba ne. Da yamma kai ne a gabas, hasumiya a tsakani. Rana na gusawa da faɗinta cikin minti biyu, don haka kai ma za ka riƙa matsawa taku-taku kana riƙe da layi. Kada ka leƙa rana ta ramin ido da dogon gilashi, ka yi aiki da allon baya.

Fitilar hasumiya tana da nata lokaci. Da rana ba ta ganuwa, cikin dare kuma ita kaɗai za ta fito, fari fat cikin baƙi, ginin ya ɓace. Tsakanin minti 10 da 25 bayan faɗuwar rana ne hasken sama da na fitila ke daidaita. Kowace hasumiya da irin ƙyaftawarta, da haka matuƙa jirgi ke bambance su. Ka tambayi mai gadi lokacin kunnawa, ka tsaya ka ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin walƙiya da walƙiya, sai ka bar kyamara a buɗe fiye da haka, dole ɗaya ta faɗo ciki. In ƙirga ta ba ka biyar, ka ba ta shida ko takwas.

Saiti ba shi da yawa. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, ISO, ma'aunin saurin karɓar haske, a 100, buɗin gilashi kuma f/8 ko f/11. Ka cire daidaita fari daga otomatik ka sa shi a hasken rana ko gajimare, in ba haka ba kyamara za ta ɗauki jan sama a matsayin aibi ta wanke maka shi. A biki fuskar amarya kake auna wa haske. A nan sama za ka auna wa. Wurin da ya ƙone fari ba ya dawowa, inuwa kuwa ana ɗago ta a kwamfuta. Ka rage haske da mataki ɗaya, ka duba histogiram, zanen da ke nuna yawan haske da duhu a hoto, kada tulin ya manne da bangon dama. In tazarar sama da ƙasa ta yi yawa, ka ɗauki uku ba tare da motsa kyamara ba, mai duhu, matsakaici, mai haske, ka haɗa daga baya. Sai layin da ruwa ya haɗu da sama: ka kunna layukan allo ka miƙe shi. A tudu dutse da itace na ɓoye karkata, a teku ko digiri ɗaya ne ido zai gani. Kada kuma ka raba hoto biyu daidai. In sama ce ta yi ado ba ta kashi biyu cikin uku, in ba komai a cikinta ka ba ruwa da rairayi.

Yanzu ga saye. Ƙafa uku mai nauyi, ita ce kawai dole. Da ita za ka zaɓi yadda ruwa zai fito. A 1/500 na daƙiƙa igiya ta daskare, kowane ɗigo a sarari. Tsakanin kwatan daƙiƙa da daƙiƙa ɗaya kumfa na zana farin zare a kan rairayi, kuma ni nan na fi so: ka jira igiya ta hau ta gama, ta fara komawa, sa'annan ka danna. A daƙiƙa 30 teku ya kwanta ya zama hayaƙi, ƙarafan gada su tsaya cak a cikinsa. Yana da kyau sau ɗaya ko biyu, amma an yi shi har ya gundura, kuma yana ɓoye ƙarfin ruwan, alhali shi ne abin da mutanen gida za su so gani. Kafin fitowar rana duhu ya isa ya ba ka dogon lokaci kyauta. Bayan ta fito sai da baƙin gilashin ND, wanda ake ɗaurawa a gaban gilashi don rage haske. Mai mataki 10 yana ninka lokaci kusan sau dubu, 1/30 ya koma wajen daƙiƙa 30. In kuɗi bai kai ba ka bar shi. Ka danna ƙafafuwan cikin jiƙaƙƙen rairayi sosai, don duk igiyar da ta ratsa tana kwashe yashin ƙarƙashinsu. Ka kashe mai hana rawa na gilashi, ka sa jinkirin daƙiƙa biyu don hannunka ya bar jikin kyamara.

Teku na cika ya janye sau biyu a yini, kowace rana lokacin na jinkirta da kimanin minti 50, kuma ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da tsakiyarsa. A wannan gaɓa bambancin bai kai mita biyu ba, amma ya isa. In ya janye yakan bar shimfiɗar rairayi mai sheƙi, sama gaba ɗaya ta kwanta a kanta, hoto ya ninku. Ka nemi jadawalin a intanet, ka ga wace safiya ce janyewa ta haɗu da fitowar rana.

Ka saurare ni da kyau a nan. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Gaɓar Lome tana da gangara, igiyarta a bakin rairayi take fashewa da ƙarfi, mai komawa kuma tana jan ƙafa, har gwanayen iyo tana ci. Iyon tabki da damina bai shirya ka wa wannan ba. Kafin ka kafa kaya ka tsaya minti biyar kana kallo, don igiyoyi rukuni-rukuni suke zuwa, bayan ƙanana sai manya. Ka duba iyakar inda rairayi ya jiƙe, ka tsaya sama da nan. Kada ka juya wa ruwa baya, kada ka hau ragowar gada, kada ka taka dutsen da ya yi kore. In igiya ta ɗauki takalmi ko murfin gilashi, ka bar mata.

Kayanka sun saba da ƙura, gishiri kuwa wani abu ne. Iskar bakin ruwa na ɗauke da feshi da ba ka gani, cikin rabin awa gilashi ya yi dishi-dishi, fitilu su yi gemu a hoto. Kada ka goge shi a bushe da bakin riga yadda muke yi a nan, gishiri da yashi za su karce shi. Ka hure tukuna, ka goge da ƙyalle mai ɗan danshin ruwan sha, sa'annan busasshe. Kada ka canza gilashi a bakin ruwa, ka zaɓa tun a masauki. In ɗakinka mai na'urar sanyi ne, kyamara na fitowa za ta yi gumi ciki da waje, ta ɗauki minti ashirin ko fiye kafin ta washe, daidai tsawon hasken da ka fito nema. Ka kwantar da jakar a rufe inda ba sanyi, ko ka fito da ita tun kafin salla. Kowace dawowa ka wanke ƙafa uku da ruwan famfo har maɗaurai, ka shafe jikin kyamara, ka bar jaka a buɗe ta sha iska. Ƙunshin ƙwayoyin shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka tara ka zuba a jakar, don gilashin da ya daɗe cikin laima yana yin fumfuna.

Masunta kuma mutane ne a bakin sana'arsu, sun gaji da baƙin da ke cusa musu kyamara. A Jamestown ka nemi ɗan unguwa ya shiga da kai, ku yi ciniki tun kafin ku sauka. Ka yi gaisuwa, ka tambaya, wanda ya ƙi ka wuce. A yawancin gaɓar Gana ba a fita su ranar Talata. In kwale-kwale kake so jere da tutocinsu da rubuce-rubucen jikinsu, ana gyaran koma a gefe, Talata ce ranarka. In hayaniyar sauke kifi kake so, ka zaɓi wata.

Kafin ku tashi ka yi gwaji a nan gida. Hasumiyar masallaci za ta tsaya maka a madadin ta teku: ka samo unguwar da za ka hango ta daga nesa da gilashin 200, rana a bayanta, ka koyi matsawar nan ta taku-taku. Ka hau duwatsun Birni da asuba ka saba da saita kyamara cikin duhu, da yatsu, ba tocila, amma ka kau da gilashi daga wajen soja. In tabkuna na da ruwa, ko ka sami zuwa Gidimuni, ka gwada dogon lokaci da inuwar sama a kan ruwa. Ka riƙe agogo ka rubuta minti nawa ne daga faɗuwar rana zuwa lokacin da f/8 ke neman daƙiƙa goma. Abin da ka samu a nan, ka ɗan rage masa minti ɗaya ko biyu, shi za ka tarar a Lome.